Tsintsiya, karen da aka bar mini amana a Anka

1/
Jiya da dare wani ƙanena da ke nan Gummi ya turo mini hoton ɗan kwikwiyo, fari fat, gashi kamar an shiɓe auduga. Wai a Abuja ake sayarwa, yana son ya tura kuɗi a sako masa shi a mota. Na fara rubuta masa amsa, sai na ga ta ƙi ƙarewa. Bari in ajiye ta nan kowa ya gani. Da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/
Masu shirin rubuta "me ya haɗa ɗan Musulmi da karen ado", ku ɗan dakata, zan iso wurinku. Ni ma da bakina na sha faɗin haka kafin abin ya faɗo a kaina.

3/
Ƙarshen watan Agusta na 2021 ne. Lokacin ina aiki a wani asibiti a Anka. Akwai wata nas 'yar jihar Filato da muke aiki tare, kowa Sista yake ce mata. Aka kira ta cewa jikin mahaifinta ya yi tsanani. Da sassafe sai ga ta a ƙofar gidanmu, ido jajir, rungume da kwali.

4/
Ta ce, "Malam, don Allah sati biyu kawai. Direba ya ce ba zai ɗauke ni da shi ba." Na leƙa kwalin. Wani abu ne mai gashi, ba ka gane gaba ba ka gane baya sai ya motsa. Ta haɗo da kwano, da mataji na ƙarfe, da buroshi, da kwalbar sabulun ruwa, da katin rigakafi. Tana ta bayani ina ta "to, to", hankalina na kan yadda zan shiga da shi gida.

5/
Matar nan ta taɓa kwana biyu a tsaye a kan ɗiyata lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kusa tafiya da ita. Ba ni da bakin cewa a'a.

6/
Inna ce ta fara ganinsa. Ta ja da baya ta ce, "Kai ɗan nan, wanga mi na? Kare na ko ɗan tunkiya?" Yara kuwa nan take suka raɗa masa suna Tsintsiya, don in yana tafiya gashinsa na share tsakar gida. Sunan da uwar ɗakinsa ta sa masa har yau ba wanda ya riƙe.

7/
Baba bai ce uffan ba sai bayan isha'i. Ya ce, "Ba ya kwana cikin gidana." Washegari muka tafi tare wurin limamin unguwarmu. A taƙaice ya ce mana a Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau 7, kuma ajiye kare ba don gadi ko farauta ko kiwo ba abu ne da aka yi hani a kai.

8/
Sai ya ƙara da cewa wannan amana ce, kuma rai ne, tunda na karɓa cinsa da shansa suna wuyana. A ware masa kwano, kada ya shiga ɗakuna, ya zauna wajen garken awaki har mai shi ta dawo. Baba ya yarda a kan sati biyu. Ni ba malami ba ne, abin da aka gaya mini na faɗa, kowa ya tambayi nasa malamin.

9/
Ranar 3 ga Satumba aka yanke sabis ɗin waya a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Waɗanda suke nan sun san yadda aka sha. An rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, mai son ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya tsallaka wata jiha. Sista ba ta dawo ba, ba ni da hanyar jin ta, ba intanet ɗin da zan duba. Daga ni sai Tsintsiya.

10/
Maganar Allah, sati uku ban taɓa matajin nan ba. A saninmu ai kare ba a tsefe shi. Karnukan mafarautanmu, dogayen nan masu tsukakken ciki da gajeren gashi, in sun yi birgima a rairayi sun girgije, wanka ya ƙare. Na ɗauka shi ma haka ne.

11/
Ga shi ƙarshen damina, karangiya ta nuna. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da dogon wando a wannan lokaci ya san ta. To ka ɗauki dabbar da tsayinta bai kai gwiwa ba, gashi na jan ƙasa, ka sake ta bayan gida. Kullum sai ya dawo kamar an yi masa ado da ita. Kowace ƙwaya ɗaya sai ta tattaro gashin da ke kewaye da ita ta murɗe.

12/
Da wari ya fara tashi sai na yi kuskure na farko. Na tara ruwa a baho, na zuba garin sabulun wanki, na cuɗe shi kamar ina wanke bargo, na bar shi a rana. Ashe ruwa in ya shiga gashin da ya riga ya cukurkuɗe, ƙara ɗaure shi yake yi, kamar ƙullin igiya in ya jiƙe. Sama ta bushe, can ƙasa jikin fata danshi ya yi zamansa.

13/
Cikin kwana goma gashin ya zama tabarma. Bayan kunnuwa, hammata, ƙarƙashin wuya, tsakanin cinyoyi, duk ya dunƙule ya manne da fata. Tafiyarsa ta canza, don duk takun da ya yi dunƙulen na jan fatar. Ya rage ci. In yaro ya kai hannu sai ya yi gurnani. Na ce kare ya fara mugun hali, ashe ciwo ke cinsa.

14/
Na shiga neman mai aski. Na farko ya yi dariya har da riƙe ciki. Na biyu ya ce in mutane suka ji kilifarsa ta taɓa kare shagonsa ya mutu, kuma gaskiyarsa ne. Na uku, wani yaro da na taɓa yi wa ɗinki a ƙafa, ya ce yana da tsohuwar kilifa mai caji da ya daina aiki da ita, zai zo bayan isha'i, amma kada wani ya ji. Har yau ban faɗi sunansa ba.

15/
Da fitilar waya muka yi aikin, wayar da ba ta da sauran amfani lokacin sai haske. Kusan awa uku. Gashin ya riƙa fita falle guda kamar ana feɗe akuya. Abin da muka tarar a ƙasa shi ya sa nake wannan dogon rubutu.

16/
Kaska. A kunnuwa, a wuya, tsakanin yatsu, wasu sun ƙoshi sun yi kamar ƙwayar wake. Na gaji na daina ƙirga. Fatar hammata ta yi ja ta saɓule. Sai wasu kumburi guda biyar a ciki da cinya kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Na matsa ɗaya, sai ga farar tsutsa ta leƙo. Mai askin ya ajiye kilifa ya fita shan iska.

17/
Wannan kam na san shi, don muna ganinsa a jikin yara a asibiti. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa inda aka yi fitsari, ko a jikin wanki mai danshi da aka shanya a ƙasa. Tsutsar ta huda fata ta zauna tana girma. A toshe ramin da man basilin, in ta rasa iska sai ta taso, a matse a hankali ta fito gaba ɗayanta, a wanke wurin. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya.

18/
Kuskure na biyu shi ya kusa kashe shi. Na je wurin wani mai sayar da magungunan gona da na dabbobi na ce ina son maganin kaska. Ya ɗura mini wani ruwa a tsohuwar kwalbar lemo, ba suna ba takarda, ya ce murfi biyu a bokiti, shanu ma shi ake yi musu. Ni da nake yini ina hana mutane shan maganin da ba shi da suna, na karɓa na biya.

19/
Ko rabin awa ba a yi ba da yi masa wanka da shi, yawu ya fara zuba kamar an kunna famfo. Amai, zawo, jiki na kakkarwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Nan take na gane, don haka ake kawo mana waɗanda suka sha fiya-fiya. Karen da nauyinsa bai wuce kilo 6 ba, fata duk rauni, na jiƙa shi da gubar da aka auna don bijimi.

20/
Na wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa har sau uku, na naɗe a buhu. Ba waya, sai ƙafa. Akwai wani dattijo malamin dabbobi da ya yi ritaya, na buga masa ƙofa ana kiran magariba. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce, "Kai ba ma'aikacin lafiya ba ne?" Na sunkuyar da kai. Ya yi masa allurar atirofin, ya maimaita cikin dare. Da asuba Tsintsiya ya ɗaga kai ya lashi ruwa.

21/
Dattijon nan, Allah ya saka masa, shi ya koya mini abin da na sani kafin intanet ta dawo. Ya ce kaskar kare ba sai a daji ba, cikin gida take rayuwa: tsagewar bango, ƙarƙashin tabarma, gindin ƙofa. Macen in ta ƙoshi sai ta sauka ta zuba dubban ƙwai. In ka wanke kare ka mayar da shi makwancin da ba ka gyara ba, aikin banza ka yi. Muka yaɓe tsagogin, muka ƙone tsumman da yake kwanciya a kai.

22/
Ya kuma ɗaga leɓen karen ya nuna mini dasashi. Ya ce in riƙa dubawa: in ya yi ja-ja lafiya, in ya koma fari kaska ta sa masa ciwon da ke cin jini, a kawo shi kada a jira. Wajen cire ta kuma a kama ta daf da fata a ja a miƙe. Ba a murɗa ta, ba a ƙona ta da ashana, ba a fasa ta da yatsa.

23/
Akwai abin da ban gaya wa kowa ba lokacin, kuma shi ya fi hana ni barci. Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun san ƙura ba abin wasa ba ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinarin da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dangin Inna 'yan ƙasar Bukkuyum ne, ta'aziyyar da muka je ba ɗaya ba ce ba biyu ba.

24/
Masu binciken da suka zo sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi ne suka fara ƙarewa kafin yara, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, a Bagega ma sai 2013 aka samu aka yi. Likitocin MSF sun yi shekaru a Anka suna ba yara maganin fitar da gubar.

25/
To ni ga ni da karen da yara suka sa wa suna Tsintsiya don yana kwashe duk abin da ke ƙasa. Ya fita lungu inda masu dawowa daga wurin haƙa ke kakkaɓe kaya, ya dawo ya lashe ƙafafunsa, ya girgije kusa da inda ɗana ke rarrafe. Ban ce ya taɓa kwaso wani abu ba. Amma daga lokacin na yanke: gashin nan ba zai sake taɓa ƙasa ba, kuma duk ya fita sai an wanke masa ƙafa.

26/
Ƙarshen Nuwamba sabis ya dawo. Saƙonnin Sista suka yi ta shigowa, na farko "yaya yake", na ƙarshe "ko ya mutu ne ka gaya mini, ba zan ji haushi ba". Mahaifinta ya rasu tun Satumba. Na yi mata ta'aziyya, na tura hoto. Ta kira tana kuka tana dariya, wai me ya sami gashinsa, shekara biyu tana tara shi. Na ce Sista, labarin da yawa.

27/
Daga nan na zauna na yi karatu. Sunan irinsa Lhasa Apso, daga Tibet, can saman duwatsun Himalaya. Birnin Lhasa kansa ya haura mita 3,600 sama da teku. Ashe gashin da na yi ta dambe da shi bargo ne da aka haife shi da shi, saboda sanyin da ke daskarar da ruwa. Mu kuma muka kawo shi inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu.

28/
Turawa sun kasa karnuka rukuni-rukuni bisa aikinsu. Ƙungiyar American Kennel Club, wadda aka kafa a 1884, tana da rukuni 7: na farautar tsuntsu, na bin sawu, na gadi da jan kaya, na kiwo, da sauransu. Sai guda da suke kira Non-Sporting, mai iri wajen 20. Da na bi su ɗaya-ɗaya sai na ga tarkace ne, duk wanda ya rasa wurin zama nan aka jefa shi.

29/
Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, "marasa sana'a" zai ce. Amma yawancinsu da sana'arsu a da, zamani ne ya karɓe ta. Poodle da ake yi wa aski kamar ɗan tsana, asalinsa mai ɗauko agwagwar da aka harbo ne daga cikin ruwa. Dalmatian mai ɗigo-ɗigo gudu yake yi gefen keken doki yana tsaronsa. Bulldog kuwa da bijimai ake haɗa shi faɗa a Ingila, har aka haramta a 1835.

30/
Shi Lhasa mai gadi ne. A gidajen ibadar 'yan Buddha da gidajen manya a Tibet, manyan karnuka na tsare ƙofar waje, shi yana ciki yana kasa kunne, in ya ji baƙon motsi ya tayar da kowa. Na karanta wa Baba wannan. Ya ce, "Wanga ɗan abu?" Bai ƙara ba, amma na ga ya daɗe yana kallonsa.

31/
Halinsa kuwa haka yake. Ba ya sakin fuska ga baƙo. Ga taurin kai, in ka kira shi sai ya dube ka ya yi shawara tukuna. Duka ba ya gyara shi, ƙara masa gaba yake yi. Amma ya san takun kowa a gidan. Akuya ta motsa ko a jikinsa, mutum ya tsaya jikin katanga da dare kuwa sai unguwa ta ji. A shekarun nan da muke ciki ba sai na yi bayanin darajar wannan ba.

32/
Ba zan shirga muku ƙarya in ce ya taɓa korar 'yan bindiga ba. Mai bindiga ba ya tsoron kilo 6. Sau ɗaya dai ya tashe mu muka tarar an fara kwance tunkiyar Inna, ɓarawon ya haura ya bar takalmi ɗaya. Tun daga ranar Inna ke ajiye ƙanzon tuwo tana cewa "a ba wancan". Baba kuma ya daina tuna mini sati biyu.

33/
Yanzu ga ƙanena da hotonsa. Farin nan da ka turo, wanda masu sayarwa ke ce wa Eskimo, shi ma ɗan rukunin ne. Sunan ma ruɗi ne, ba abin da ya haɗa shi da mutanen ƙanƙara. Karen Jamusawa ne da suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka, aka canza masa suna a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ake ƙyamar duk abin da ya shafi Jamus.

34/
Gashinsa hawa biyu ne, dogo a sama, mai laushi kamar auduga a ƙasa. Na ƙasan zuba yake yi, in ya tashi zubar har a miya za ka tsince shi. Irin wannan ba a yi masa tal-kwabo, don gashin saman ne ke kare fata daga rana, kuma in an aske ba lallai ya dawo daidai ba. Sai dai tsifa sau biyu ko uku a mako, lokacin zuba kuwa kullum.

35/
Chow Chow, mai kama da ɗan zaki da harshe baƙi-shuɗi, haka yake har ya fi. Duk wanda ya kawo shi Gummi ba shi da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, wahala ya kawo shi sha. Na faɗa, mai jin haushi ya ji.

36/
Poodle da Bichon da Lhasa su kuma gashinsu tsawo yake ta yi kamar na mutum, ba ya zuba sosai a ƙasa. Masu talla sai su ce maka "ba ya zubar da gashi", kamar garaɓasa ce. Abin da ba sa faɗa shi ne wanda ya tsinke maƙalewa yake cikin ɗan'uwansa, shi ke zama tabarmar da na ba ku labari. Ko ka tsefe kullum, ko ka rage shi duk bayan sati 6 zuwa 8.

37/
Masu lotsattsen hanci, Bulldog da French Bulldog da Boston Terrier, ba ruwansu da mataji, amma tasu ta fi muni. Kare ba ya gumi kamar mu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Wanda aka yi ta zaɓen iri har hancinsa ya koma ciki ba ya samun hakin da zai ishe shi. A bazarar nan tamu, tafiya a but ɗin mota daga Gusau zuwa Gummi kaɗai ta isa ta gama da shi.

38/
Ga kuma lanƙwasar fatar fuska da sai an goge an busar kullum, in ba haka ba ta yi ruwa ta yi wari. Shar-Pei na China ma haka. French Bulldog shi ya zama na ɗaya a farin jini a Amurka a 2022, ya ture Labrador da ya shekara 31 a sama, shi ya sa kuke ta ganinsa a Instagram. Mafi yawansu ko haihuwa ba sa yi sai da tiyata. Wa zai yi maka ita a Daki Takwas?

39/
Abin dariya, namu na Sahel da ba mu ɗauka a bakin komai ba, su can nema suke. Azawakh, dogon karen Buzaye na Nijar da Mali, ƙungiyar nan ta Amurka ta shigar da shi cikakkiyar rajistarta a 2019. Kamanninsa ba su da nisa da na mafarautanmu. Wankansa tsumma ne mai danshi.

40/
A 2022 aka mayar da ni Gummi, na taho da shi. Yadda muke yi yanzu: gashi ba ya wuce rabin ɗan yatsa, amma ba a kai shi fata saboda rana. Kowace yamma minti goma na mataji. A ɗan yayyafa ruwa, a ɗaga gashin layi-layi kamar mai kitso na tsaga, a fara daga baki a gangara zuwa tushe. In mataji bai taɓa fata ya wuce sumul ba, ba a gama ba. Da hunturu gashin na bushewa yana karyewa, sai an ƙara lallaɓawa.

41/
In an ci karo da dunƙule, a fara sa mataji tsakaninsa da fata kafin almakashi ya matso. Fatar hammata siririya ce, tana shigewa cikin dunƙulen, na taɓa yanka shi sau ɗaya ban ƙara ba. Wanka duk sati uku, bayan tsifa ba kafin ta ba, da sabulun karnuka da nake ba da saƙo a kawo mini daga Sakkwato. A ɗauraye sosai, a busar har tushe.

42/
Sauran ƙanana ne amma suna cizo in an manta. A rage gashin da ke shiga ido, da na tafin ƙafa inda karangiya ke ɓuya, da na ƙarƙashin wutsiya saboda kashi. A leƙa kunne, in yana wari ko ya tara baƙin datti a nemi likitan dabbobi. Akaifa duk wata, kaɗan-kaɗan, don akwai jijiya a ciki. Ɗiyata ce ke riƙe kansa, ita kaɗai yake yarda da ita.

43/
Da bazara ba ya fita daga hantsi har la'asar sakaliya. Da kansa ya gano gindin randa, ya riƙa shimfiɗa ciki a wurin. Maman yara ta ce ba a wannan gidan ba, randar sha ce. Sai na kafa masa tsohuwar randa tasa a rumfa, a kan siminti ba a kan ƙasa ba, don ban manta da ƙudan nan da tsutsarsa ba.

44/
Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne allurar haukan kare duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma in alamu suka bayyana da wuya a tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos na yin rigakafin. Kyan kare ko tsadarsa ba sa hana shi ɗauka. In ya ciji mutum ko ya yage shi: ruwa da sabulu minti 15, sai asibiti a ranar.

45/
Sista fa? Ta sami aiki a Ingila a 2023, kamar yadda nas-nas ɗinmu ke ta tafiya. Ta ce in ya dame ni in nema masa wani gida. Na yi magana da mutum biyu a Gusau, duka gashin suke tambaya yaushe zai dawo, ba wanda ya tambayi mataji. Na fasa. Irinsa na kai shekara 12 zuwa 15, shi yanzu ya haura shida.

46/
Da na ga zaman ya zama na dindindin na sake komawa wurin wani malami a nan Gummi. Ya ce yana gadi? Na ce yana yi. Ya ce yana shiga ɗaki? Na ce a'a. Ya ce to.

47/
Har yanzu ana tsokana. "Likitan karnuka" abokai ke ce mini a majalisa. Akwai maƙwabcin da ya hana 'ya'yansa shiga gidana, ban ga laifinsa ba, muna gaisawa lafiya lau. Da za a mayar da ni safiyar nan ta Agusta, kwalin dai zan sake karɓa saboda wadda ta miƙo shi. Amma in zaro kuɗina in sayo, a'a.

48/
Don haka ƙanena, kada ka tura kuɗin tukuna. Asabar ranar wanka ce. Ka zo bayan la'asar in miƙa maka matajin, ka bi shi tun daga kunne har wutsiya, ka cire kaskar da ka samu, ka wanke kwanonsa. Ka sako tsohuwar riga. In mun gama sai mu yi maganar na Abuja.